Kusurwar Gishiri

Talata, ƙarfe biyar na yamma

An dawo da Umma gida. Baba ne ya riƙo ta daga mota har ɗaki, Gwaggo na biye da kaya. Jaka biyu aka tafi da su asibiti. Ƙaramar, mai zanen agwagwa, Gwaggo ta wuce da ita sito, ba ta ko buɗe ba. Ɗan gadon da ke kusurwar ɗakin Umma ma tun jiya aka kwance shi. Shatin ƙafafunsa na nan a kan kafet.

Na ce wa Umma sannu. Ta ce, “Kin ci abinci?” Na ce eh. Ta kwanta ta fuskanci bango.

Baba ya kira ni kicin ya rufe ƙofa. Ya ce, “Uwata, abu biyu likita ya ce. Ba gishiri ko ƙwaya ɗaya, saboda jininta bai sauka ba. Kuma dole ta ci abinci. Bayan mako biyu, ranar Alhamis, za mu koma. In ya ga ba ta ci, zai sake kwantar da ita.”

Ashe Umma na ji. Daga ɗaki ta ce, “Ba zan koma ɗakin nan ba.” Na san ɗakin. Kowane gado da ɗan ƙarami a gefensa.

Gwaggo ta hau kujera ta ɗora kwalbar gishiri a saman kabad.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Gidan ba ya ƙamshin komai. Sai yanzu na gane ƙamshin burodin Umma ne ke tashe mu kullum, ba agogo ba.

Injin burodin na nan a kan kantar kicin, an rufe shi da tawul.

Alhamis, bayan sallar la’asar

Baƙi suna ta zuwa. Ina kai ruwa, ina kwashe kofuna. Ana ce min, “Ke ce babba, sai ki riƙe gidan.” Ina cewa to.

Gwaggo ta dafa shinkafa da miya ba gishiri. Na kai tire. Na ɗauko tire. Ba ta taɓa ba.

Auta ta tambayi wata baƙuwa yaushe za a kawo jaririn. Gwaggo ta ja ta waje ta ba ta alewa. Watanni muna tsokanar Auta za a ƙwace mata suna, tana kuka tana cewa ita ba ta yarda ba. Yanzu babu mai tsokanarta.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na cire tawul ɗin.

Umma ba ta cin burodin kanti, ta ce kamar cin katifa ne. Amma nata, kullum ita ke cinye ƙarshensa mai ɓawo, da shayi, a tsaye, kafin ma mu zauna. Na yi tunanin in na yi irinsa ko za ta ci.

Ban taɓa yi ba. Aikina kawai wanke ɗan ƙarfen da ke juya kwaɓi a gindin kwanon, wanda Umma ke kira ’yar muciya. Amma na sha kallo. Malamar kimiyya ta ce a riƙa rubuta abin da aka gani, ba abin da aka zata ba, don haka ga yadda Umma ke yi.

Ruwa ne farko, mai ɗumi kamar na wankan jariri. Da gwiwar hannu take gwadawa. Sai mai, ta ce shi ke sa burodi laushi ya kwana biyu bai bushe ba. Sai madarar gari, ita ke ba ɓawon launi. Sai fulawa a rufe ruwan gaba ɗaya, da kofin nan mai karyayyen hannu. Sukari a wannan kusurwa, gishiri a waccan. A ƙarshe ta yi ɗan rami da yatsa a tsakiyar fulawa ta zuba yis. Ta ce yis da gishiri ba sa zama kujera ɗaya.

Na yi duka, sai gishirin na bari. Kusurwarsa ba komai.

Ban san me ya sa na rubuta maganar ruwan wanka ba.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Ta gilashin murfi na ga ya tashi da sauri, ya fi na Umma sauri. Ya kai har murfi ya manne. Na kusa kiran Baba ya gani. Da injin ya fara gashi sai tsakiyar ta lotsa, ta yi ta yin ƙasa ina kallo.

Na juye shi. Gefe tsaye, tsakiya rami.

Gwaggo ta ce, “Ikon Allah. ’Yar boko, turmi kika gasa mana?”

Auta ta kifa shi a kai ta ce hula ce, ta zaga falo tana gaisuwa. Gwaggo ta yi dariya, sai ta kalli ƙofar Umma ta daina.

Na yanki gefen da ya fi kyau na kai. Na ɗauko. Ba ta taɓa ba.

Lahadi, da rana

Rami kuma.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na koma makaranta. Doguwa, wadda muke benci ɗaya, ta kwafa min duk darussan da na rasa. Ta ce, “Mace ko namiji?” Sai ta ga fuskata ta ce, “Kin ga sabon malamin lissafi? Takalminsa kuka yake yi.” Na gode mata a zuciya.

Wai yau ɗin ne kuma malamar kimiyya ta zo da kwalba da balan-balan. Ta zuba ruwan ɗumi da sukari da yis, ta ɗaura balan-balan a bakin kwalbar. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya kumbura. Ta ce yis abu ne mai rai, yana cin sukari yana fitar da iska, iskar ce ke maƙalewa cikin danƙon fulawa har burodi ya tashi. Ta ce ruwa in ya yi zafi da yawa kashe shi yake yi.

Ta ce, “Akwai mai tambaya?”

Ina da ita. In na tambaya za ta ce me ya sa ba kya sa gishiri, duk aji su juyo. Ban ɗaga hannu ba.

A hanya na yi tunani da kaina. Tunda yis ne ke ɗaga burodi, nawa kuma faɗuwa yake yi, ke nan yis ɗin ne bai isa ba.

Talata, bayan makaranta

Na tsaya wurin mai kanti.

Ya ce, “Yis kuma? Hajiya ƙarama, gidan burodi za ku buɗe ku kashe min kasuwa?” Sai ya sauke murya. “Ya mai jiki?”

Na ce da sauƙi. Kowa na tambaya, kowa ina ce masa da sauƙi.

Umma cokalin shayi ɗaya da rabi take sawa. Na sa biyu da rabi, na ƙara sukari don ya sami abin ci. Ya tashi har ya ɗaga murfi, ya zubo ta gefe ya ƙone a jikin injin. Hayaƙi ya cika kicin. Ramin ya fi na kullum zurfi, kuma yana wani wari mai tsami.

Gwaggo ta buɗe tagogi tana fifita da faranti. “Ke dai sai kin ƙona gidan ƙanena hankalinki zai kwanta. Fulawar nan a bishiya take tsirowa?”

Na kankare injin da cokali har magariba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Shayi rabin kofi. Shi ke nan yau.

Alhamis, da safe

Na shiga share ɗakin Umma. Zoben hannunta ya fara yi mata yawa, yana juyawa. Gaban rigarta ya jiƙe. Ta ja mayafi ta rufe, ni kuma na duƙa ina sharar ƙarƙashin gado, inda babu ƙura.

Na ga Baba a tsaye a ƙofar sito da makulli a hannu. Bai buɗe ba. Da ya gan ni ya ce yana neman filaya ne.

Saura mako ɗaya.

Juma’a, ƙarfe biyar na yamma

Cokali uku. Rami. Auta ta daina sa shi a kai, ta ce ta gaji da huluna.

Na ci shi ni kaɗai a tsaye don kar Gwaggo ta ga an zubar. Ba shi da ɗanɗanon komai. Ni ma ba na jin komai, ko yunwa ko ƙoshi. Ina wanke kofi, ina shanya kofi.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Gwaggo ta tafi kasuwa, Baba ya tafi karɓo magani. Na hau kujera na sauko da kwalbar. Na ce wa kaina gwaji ne kawai, irin na makaranta, a canza abu ɗaya a ga bambanci. Na mayar da komai yadda Umma ke yi, yis ɗaya da rabi, na zuba gishiri cokali ɗaya a kusurwarsa.

Ya tashi a hankali, har na zaci ba zai tashi ba. Ya tsaya kafin ya kai murfi. Ya yi doro, ya yi ja. Bai faɗi ba.

Ƙamshin ya cika gidan kamar ba abin da ya faru. Auta ta baro wasanta ta zo tana shinshina. Sai na ji muryar Umma daga ɗaki, “Wa ke kicin?”

Na yanke ƙarshen mai ɓawo, na haɗa shayi, na kai. Na same ta a zaune. Tun da ta dawo ban gan ta a zaune da rana ba. Ta kalli tiren, ta miƙo hannu.

Na ce, “Umma, na sa gishiri.”

Ban yi niyyar faɗa ba, ban kuma yi niyyar ɓoyewa ba. Fitowa kawai ya yi.

Hannunta ya tsaya. Ta ce, “Sauran fa? Waɗanda ake kawowa?”

Na ce babu a cikinsu.

Ta daɗe tana kallona. Ta mayar da hannun ƙarƙashin mayafi, ta kwanta.

Gwaggo ta dawo ta ga kujera a gindin kabad. Ta jefar da ledar kasuwa, tumatir ya watse. “Kashe ta za ki yi? Ɗaya bai ishe mu ba?” Ta toshe bakinta da hannu. Auta ta bi tumatir tana tsincewa.

Asabar, bayan magariba

Baba ya ci yanka biyu a tsaye, a inda Umma ke tsayawa. Ya ce, “Kin yi daidai da kika faɗa, Uwata.” Bai kalle ni ba.

Muna wanke-wanke Gwaggo ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ke ma dai. Da kin yi shiru ta ci ko loma ɗaya ce.” Sai ta ba ni tawul ta ce in goge fuskata. Ban san akwai abin gogewa ba.

Lahadi

Ban kunna injin ba. Na mayar da tawul.

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ina cire kayan makaranta Auta ta shigo, hannu a ƙugu, kamar wadda aka aiko da sammaci.

“Yaya, Umma ta ce wai cokali nawa kike sawa na abin nan mai wari.”

Na ce uku.

Ta ruga. Ta dawo. “Ta ce innalillahi.”

Ta sake rugawa ba wanda ya aike ta. Ta dawo tana haki. “Ta ce ki rage. Ta ce rabin nata. Ta ce sukari ma ki rage. Ta ce ruwan kar ya yi ɗumi sosai. Ta ce ni in daina tsalle a gadonta.”

Na ce, “Rage ta ce, ko ƙara?”

“Rage! Kunnenki ya toshe ne?”

Na je ƙofar ɗakin. Umma na kwance, fuska a bango, kamar ba ita ta yi magana ba. Na tsaya kaɗan na dawo.

Ban gane ba. Abu yana faɗuwa, a ce a rage abin da ke ɗaga shi. Amma na yi. Bai kai murfi ba. Ya ɗan lotsa a tsakiya, kamar an danna da babban yatsa. Cikinsa ya yi danƙo. Na kai.

Da na ɗauko tiren na ga an gutsuri gefe, ɗan kaɗan, kamar ɓera. Na tambayi Auta ko ita ce. Ta ce Allah ya kiyaye ta ci wannan abin.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Yau ma daga makaranta na wuce kicin. Na auna komai, na danna. Injin ya fara juyawa, yana wani faca-faca, ban kula ba don kullum haka yake yi min.

Ina wanke kofin awo na ji takun silifas a bayana, a hankali, ana ja. Na zaci Gwaggo ce.

“Ya yi ruwa.”

Umma ce, ta dafa bango. Ɗankwalinta ya karkace.

Na ce, “Ba ki ma gani ba.”

Ta ce, “Ina ji tun daga ɗaki. Kwana da kwanaki ina jin yana faca-faca kamar ana wanki. Kaina har ciwo yake.”

Na jawo mata kujerar da nake hawa. Ba ta zauna ba. Ta buɗe murfin injin yana cikin aiki, abin da ni ban taɓa yarda na yi ba. Ta taɓa kwaɓin, ya manne mata a yatsa. Ta ce in ba ta fulawa. Ta barbaɗa cokali ɗaya, ta jira. Ta ƙara ɗaya. Kwaɓin ya haɗe ya zama dunƙule, yana bin ’yar muciya yana dukan gefen kwano, dum, dum.

Ta ce, “Kin ji? Wannan ƙarar ake nema.”

Na ce na ji.

Ta ce, “Gishiri ba don daɗi kawai ake sa shi ba. Shi ke riƙe yis kar ya yi gaggawa, shi ke ɗaure fulawa ta yi ƙarfi. In babu shi, yis ya yi ta gudu ba mai tsawata masa, ya cika ciki da iska, fulawar ta kasa ɗauka. Ke kuma kika yi ta ƙara masa ’yan’uwa.”

Na ce, “Na zaci bai isa ba ne.”

“Ya isa. Mai riƙe shi ne babu.”

Ta tsaya tana kallon dunƙulen yana zagayawa. Can ta ce, “Cokali ɗaya na gishiri nake sawa kullum. Har watan ƙarshe.”

Na ce, “Baba ya ce likita ya ce ba shi ya jawo ba.”

Ta ce, “Na sani.” Ta rufe murfin. “Na sani.”

Sai ta zauna. Gwaggo ta leƙo, ta gan ta, ta buɗe baki. Umma ta ce, “Yaya, in kika ce min sannu zan koma ɗaki.” Gwaggo ta ce, “Wa ya ce sannu zan ce? Cewa zan yi ki gyara ɗankwalin nan, kin yi kama da mai tallan gawayi.” Ta fita da sauri. Na ji ta a bayan gida tana fyace hanci.

Muka zauna har ya gasu. Auta ta hau cinyarta, na ce ta sauka, Umma ta ce in bar ta.

Ya fito gajere, fari-fari, samansa a shafe. Ba doro, ba rami.

Ba ta jira ya huce ba, ita da kullum take hana mu. Ta yanke ƙarshen. Ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, “Ba daɗi.”

Na ce, “Eh.”

Ta ce, “Miƙo wuƙar.”

Yanka biyu, da shayi kofi guda.

Laraba, da dare

Da safe, yanka biyu da dafaffen ƙwai. Da rana ta ci shinkafar Gwaggo kaɗan, ta ce ta fi burodina rashin daɗi. Gwaggo ta ce ta gode.

Ban sani ba ko ya isa. Kwana biyu ne kawai. Zoben har yanzu yana juyawa.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Gwaggo ta haɗa babbar jaka, ko da za a riƙe ta. Umma ta ga jakar. Ta naɗe yanka ɗaya a takarda ta sa a jakar hannu.

Baba ya ce in tafi makaranta. Na ce to.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ban ji komai a aji ba. Doguwa ta kwafa min.

Na dawo a ƙafa, ban yi sauri ba. A bakin titinmu na tsaya na ɗaure igiyar takalmi, duk da ba ta kwance ba. Motar Baba na waje. Babbar jakar na falo, a zuge.

Tun daga ƙofa na ji, dum, dum, dum.

Ba ni na kunna ba.

Auta na zaune a kan kujera a gaban injin, ta harɗe hannu kamar mai gadi. Kwalbar gishiri na saman kabad inda take.

Ta ce, “Umma ta ce kar kowa ya buɗe. Har ke.”